Ni Ne Yayan Shige

Talata, 3 ga Maris, 1987

Sun sake fitowa a talabijin. Misae matata ta bar tukunyar romo a buɗe ta ruga ta ƙara murya, sai ka ce gobara ce ta tashi. Ga Shige a tsakiyar allo, gashi har gadon baya, wandon fata kamar a jikinsa aka ɗinka shi, yana murɗa jita yana yamutsa fuska. Yamutsa fuskar nan tawa ce. A wurina ya gani.

Masu cin taliya duk suka ɗaga kai. Wani ya ce, "Maigida, ba ƙanenka ba ne wancan?" Na ce ƙanena ne, taliyarka kuma tana hucewa.

Hankakan Ƙarfe. Ni na raɗa wa ƙungiyar wannan suna, a bayan shagon nan, muna zaune kan buhun fulawa ni da Gen abokina. Yau Gen yana waƙa a gaban dubbai, Shige yana tsaye inda nake tsayawa, ni kuma ina yanka lawashi.

Asabar, 14 ga Maris

Wata mujalla ta buga cewa iyayen mai jitar suna da shagon taliya a nan garin Amagasaki. Shi ke nan, mun shiga uku. Tun hantsi suke layi, 'yan mata da samari, kowa da baƙar riga mai hoton hankaka. Ba yunwa ce ta kawo su ba. Sai su sayi kwano ɗaya su uku, su yi ta kallon bango.

"A wace kujera yake zama?" Misae ta nuna musu ta kusa da taga. Ƙarya ce. Shige bai taɓa zama a shagon nan ba, a tsaye yake ci ya gudu kafin a ce ya wanke kwano. Amma suka yi ta zama a kai ɗaya bayan ɗaya, wata har da hawaye.

Wata ta dube ni ta ce, "Kawu, kai ma kana jin kiɗansu?"

Kawu! Shekara huɗu kacal na ba Shige.

Ciniki ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Wannan ma ya ƙara ɓata mini rai.

Lahadi, 5 ga Afrilu

Ranar wankan Baba. Na ɗauko shi daga shimfiɗa, na zaunar da shi, na cuɗa masa baya, na aske masa gemu. Hannunsa na dama yana nan yadda yake tun ranar da ya faɗi a gaban murhu, a naɗe kamar busasshen reshe. Tun daga ranar ban sake hawa dandamali ba. Babu wanda ya ce in bari. Shago ne, ga tukunya, ga uba a kwance, Inna kuma ta riga ta rasu. Wani dai zai tsaya. Shige yana makaranta a lokacin. Gen ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya ce, "Noboru, ko ƙanenka zai riƙe mana wurin kafin ka dawo?" Na ce ya riƙe.

Ya riƙe kuwa.

Da na mayar da Baba ɗaki sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna babban hoton da Misae ta manna masa a bango. Ya ce, "Shige." Kalmominsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba yanzu, amma wannan tana fita sarai. Mutumin da ya buga jitata ta farko da dokin ƙofa har wuyanta ya karye, ya ce hayaniyar 'yan iska ba a gidansa ba. Yau shi ne yake kwana yana kallon ɗan iska a bango yana murmushi da rabin baki.

Ni da na goge masa bakin, ko kallo.

Laraba, 8 ga Afrilu

Na karanta hirar da aka yi da Shige, a ɓoye, a shagon jaridu. An tambaye shi wa ya koya masa. Ina fatan ya ce shi ya koya wa kansa, in samu abin riƙewa. Sai ya ce, "Yayana. Har gobe ya fi ni kunne."

Kunne. Bai ce hannu ba.

Jumma'a, 15 ga Mayu

Akwai wata da take zuwa duk Jumma'a bayan an tashi aiki. Ba irin masu baƙar riga ba ce. Kayan aikin banki, gashi a ɗaure tsaf, tana magana kamar tana tsoron murya ta ƙare mata. Sunanta Chizuru. Ita dai tana cin taliyarta har ta shanye romon, shi ya sa nake ƙara mata soyayyar awara a kai.

Yau na kasa haƙuri na tambaye ta. Na ce mace kamila kamarki, me kike ji a wannan tsawa? Sifika ta fi ki tsawo, Gen yana ihu kamar an taka masa ƙafa.

Ta ajiye tsinken cin abincinta. Ta ce, "Maigida, daga safe zuwa yamma sunkuyawa nake yi. Sannu da zuwa, yi haƙuri, na gode, yi haƙuri. Ko wanda ya zage ni sai na gode masa. A wurinsu ne kaɗai nake buɗe bakina iya buɗuwarsa, babu mai juyowa ya dube ni." Ta ce ta fara ganinsu tun suna wasa a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Osaka, rannan ruwa ake yi, 'yan kallo ba su cika benci biyu ba, amma suka yi kiɗa kamar gari ne ya taru. Da aka tashi suka tsaya a ƙofa suka gaisa da kowa. Har yanzu, in ji ta, Gen yana gane ta daga kan dandamali.

Na san ɗakin. Na san warinsa. Na ce mata a wace shekara? Ta faɗa. Bayan na bari ne, da 'yan watanni.

Na so in ce mata kafin wancan akwai wani mai jitar. Ban ce ba. Me za ta yi da shi?

Litinin, 8 ga Yuni

Amurka za su. Wata babbar ƙungiya ta can ce za su riƙa buɗe wa wasa gari-gari. Shige ya biyo yin sallama, motar kamfani tana jiransa a waje, unguwa duk ta leƙo. Ya durƙusa a gaban Baba ya riƙe masa hannu. Ya kawo wa Misae turare. Ya ci kwano biyu a tsaye, kamar kullum.

Ya ce, "Yaya, romon nan fa ya fi na Baba."

Na ce, "Kowa da abin da ya iya."

Ya dube ni kamar zai yi magana, sai direba ya yi hon. Misae ta ce yabo ne ya yi mini. Na san yabo ne. Irin yabon da ake yi wa kare da ya iya tsare gida.

Alhamis, 2 ga Yuli

Mun yi faɗa da Misae, a kan abin da ba shi da kai.

Tana wanke-wanke tana rera waƙarsu ta baya-bayan nan, har da wurin da jita take hawa sama, tana bi da hanci. Na ce ko za ta hutar da kunnena. Ta ce waƙa ce kawai. Na ce ai na sani, da ma mai jita kika zo nema a ɗakin nan na Osaka, sai ƙaddara ta haɗa ki da mai taliya. Ga mai jitar can, kin yi kuskuren ɗa.

Ta kashe famfo. Ta goge hannu a hankali. Ta ce, "Wanda na aura yana dariya. Shi nake nema, ba jitarsa ba. In ka gan shi ka ce ina cigiya."

Ta hau sama. Ni na ƙarasa kwanukan.

Asabar, 18 ga Yuli

Shige ya yi waya daga can. Misae tana kasuwa, dole ni na ɗauka. Muryarsa tana zuwa a makare, kamar daga cikin rijiya.

Abin bai yi kyau ba. Mutanen can ba su zo don su ba, jira suke su sauka. Suna yi wa Gen dariya in ya yi waƙa da Turanci, in ya yi da namu yaren su yi ta ihun a tafi. A wani gari an jefo kwalba ta same shi a kafaɗa ana tsakiyar kiɗa. Kamfanin faifai ya fara maganar a katse tafiyar.

Ya ce, "Yaya, in kai ne me za ka yi?"

Na ce in ni ne zan je in duba tukunya, don tana tafasa. Na ce kuɗin waya na tafiya, ya kula da kansa.

Da na ajiye sai na ji ƙirjina ya yi sakayau. Daɗi na ji. Na rubuta a nan don babu mai gani: daɗi na ji. Na yi ta fito ina yanka lawashi har Misae ta dawo ta tambaye ni wane albishir aka yi mini.

Da yamma kuma abinci ya ƙi shiga.

Alhamis, 13 ga Agusta

Lokacin ziyarar kabari. Shige ya dawo makon jiya ba tare da 'yan jarida sun tarye shi ba, yau muka tafi wurin Inna mu biyu, don Misae ta zauna da Baba. Ya ɗaure gashi ya cusa a hula. Ya rame.

Na wanke dutsen, na zuba ruwa, na sa furanni. Na miƙa masa ashana ya kunna turare. Ya ƙyasta, hannun yana rawa, ta mutu. Ya sake, ta mutu. Na karɓa na kunna.

A hanyar dawowa ya ce tun ranar kwalbar nan yake haka. Kafaɗar ta warke, ba ita ba ce. In ya zo wurin da zai yi kiɗa shi kaɗai, sauran sun yi shiru an haska shi, sai yatsun su manta hanya. Ya ce bai faɗa wa Gen ba. A watan Oktoba za su yi wasa a babban zauren Osaka, wanda muke wucewa muna yara ina ce masa wata rana zan cika shi.

"Kai ka faɗa, Yaya. Ni bin ka kawai nake yi."

Na ce ya riƙa shan ruwan ɗumi. Abin da na ce ke nan. Ruwan ɗumi.

Jumma'a, 14 ga Agusta

Ya kwana a gida. Baba ya ci shinkafa har ya nemi ƙari. A hannuna sai na yi lallashi kafin ya buɗe baki.

Talata, 15 ga Satumba

Jaridu sun gama da su. "Hankaka ya dawo da karyayyen fiffike." Na yanke shafin, sannan na rasa me zan yi da shi, na kunna murhu da shi.

Na ɗauka masu baƙar riga za su ragu. Ƙaruwa suka yi. Chizuru ta shigo yau duk da ba Jumma'a ba ce, hutu ne, fuskarta ja. Ta ce tikitin Osaka ya ƙare tun kafin azahar ranar da aka fara sayarwa. Ta kwana biyu tana shirin ƙaryar ciwon haƙori don ta samu shiga layi. Na ce ba ku karanta jarida ba ne? An ce sun sha kunya.

Ta ce, "Shi ya sa. Sun je an wulaƙanta su, ba su sauka daga dandamali ba ko sau ɗaya. Yanzu sun dawo gida. Wa zai tarye su in ba mu ba?"

Wa ya tarye ni da na sauka? Ban faɗa ba. Amma na rage mata awara.

Shige ya aiko da tikiti uku. Misae ta kai wa Baba ta nuna masa, da nufin ya gani kawai. Sai ya damƙe su ya ƙi saki. Yana cewa, "Je. Je." Na ce Baba, ƙarar wurin za ta kashe ka. Ya dube ni da idon nan nasa na da, wanda yake sa in ji kamar ban wuce shekara goma ba. "Je."

To. Ni zan tura keken guragun Baba, wa kuma.

Litinin, 12 ga Oktoba

Jiya ne aka yi wasan Osaka. Ban buɗe shago ba yau, bayana ya riƙe.

Kujerunmu a bene suke, ta gefe, hanyar kuma matakala ce zalla. Wani ma'aikaci ya yi ta ba da haƙuri yana sunkuyawa. Na ce Misae ta naɗe keken, na goya Baba. Masu baƙar riga suka dare mana hanya, wasu suka kama keken suka haura da shi. Babu wanda ya san ko mu su wane ne. Na tusa wa Baba auduga a kunne, ya cire ya yar.

Da aka kashe fitilu, kafin a taɓa komai, zauren ya ɗauki ruri. Na manta yadda abin yake. Ba kunne ne yake ji ba, haƙarƙari ne. Ganga ta faɗo, Gen ya fito da gudu, ya tsufa kaɗan amma muryar tana nan. Na hango maza da rigunan ofis sun cire ɗamarar wuya sun ɗaura a ka. Na nemi Chizuru a ƙasa, na same ta a kusa da gaba, gashi a kwance, baki a buɗe, ba don na san ta ba da na rantse wata ce.

Shige kuma. Zan faɗa sau ɗaya ba zan sake ba. Ko da ban bari ba, ko da Baba bai faɗi ba, ba zan kai nan ba. Na tsaya ina neman kuskure a kowace waƙa, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Abin da yake yi da tsirkiyar nan ban koya masa ba, don ban san da shi ba.

Baba yana buga hannun kujera da hannun hagu, ba a kan kiɗa ba ko kaɗan.

Sai aka zo waƙar da ake barinsa shi kaɗai. Ganga ta tsaya, Gen ya ja baya, fitila ɗaya ta sauka a kansa. Ya fara, ya hau, ya kai tsakiya. Sai ya tsaya.

Wasu sun ɗauka salo ne. Ni na ga hannun. Yana kan wuyan jitar, a sandare. Na ga ya sunkuyar da kai yana kallon yatsunsa kamar na wani ne.

Wannan ne abin da na yi wata da watanni ina jira. Ga shi ya zo, a gaban dubbai, a gaban Baba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji wani yana ihu, "Ci gaba, ɗan banza! Ci gaba!" Misae ta ce ni ne, har jijiyar wuyana ta fito.

Bai ji ni ba, ina zai ji. Amma daga ƙasa wasu suka fara rera abin da jitar ya kamata ta faɗa, da baki. Daga gaba ya bazu zuwa baya, ya hau bene. Sun haddace shi, kowane lanƙwasa. Zaure guda yana yi wa mutum ɗaya kiɗansa, a hankali, suna jiransa. Ya ɗaga kai. Ya bi su, da farko kamar mai koyon tafiya, sannan ya wuce su, ya tafi inda baki ba ya iya bi.

Na zauna. Misae ta miƙo mini hankici tana kallon gaba.

An ce mu je bayan dandamali. Na ce Baba ya gaji. Misae ta je ita kaɗai.

Muna saukowa, Baba a bayana, numfashinsa a wuyana, sai ya yi magana. Na ɗauka sunan nan zai kira. Ya ce, "Nauyi?"

Na ce, "Ko rabin buhun fulawa ba ka kai ba, Baba."

Ya yi wani sauti. Dariya ce, ina jin.

Jumma'a, 16 ga Oktoba

Chizuru ba ta da murya, da hannu ta nuna abin da za ta ci. Ta rubuta wa shugabanta cewa mura ce.

Laraba, 28 ga Oktoba

Wani mai tallan murhun gas ya shigo cin rana, ba ɗan unguwa ba. Talabijin na nuna guntun wasan Osaka. Ya ɗaga kai yana tauna, ya ce wa na kusa da shi, "Waɗannan ai sun ƙare. An koro su daga Amurka, mai jitar ma an ce tsayawa ya yi cak sai da yara suka cece shi. Gashi ne kawai da wandon fata."

Na zagayo kanta na ɗauke kwanon daga gabansa. Bai ci rabi ba. Na ce an rufe.

Ya ce, "An rufe kamar yaya? Ga mutane suna ci."

Na ce kai aka rufe wa. Na buɗe masa ƙofa. Ya fita yana cewa zai faɗa wa duniya irin shagon nan. Ya faɗa mana.

Misae ta tsaya da ludayi a hannu tana kallona, leɓenta yana motsi. Na ce kada ki fara. Ta ce ita ba ta ce komai ba. Na ce mutumin ba ya shan romo, tun shigowarsa na lura, irin waɗannan ba na son su.

Ba wani abu ba ne. Har yanzu ina ganin wandon ya matse Shige da yawa, sabuwar waƙar kuma ta cika tsawo, in ya kira ranar Lahadi zan faɗa masa. Ni yayansa ne, ina da iko.

Wancan mai tallan kuwa wane ne?